Karatun da Ya Kwana a Kwando

Kin ce ɗalibanki sun daina kwafar darasi, sai dai su ɗauki allo a hoto, har kina murna aiki ya yi sauƙi. To, Malama, gyara zama in buga miki misali.

An yi wani malamin lissafi, Malam Tanimu, da aka ɗauka aikin gwaji na shekara guda a wata sakandare. Sharaɗin ɗaya ne: ƙarshen shekara mai duba makarantu zai gwada ajinsa. In yara sun iya, aiki ya tabbata. In ba su iya ba, ya kama gabansa. Lissafi kam ya san shi, sai dai gaggawa, kai ka ce korarsa ake yi. Ba abin da ke ƙona masa rai irin jiran yara sittin su gama kwafa. Yana tsaye yana murza alli, ya leƙa taga, ya duba agogo, ya sake leƙa taga. Ran nan ya kama wata yarinya ta zaro waya a ɓoye tana ɗaukar allo. Maimakon ya ƙwace, sai ya ce, "Kai, ashe ga hanya!" Daga ranar, da ya cika allo sai ya matsa gefe ya ce, "Ku ɗauka." Masu waya su ɗauka, su tura wa marasa ita ta wayar iyayensu, shi kuma ya goge ya sake cikawa. Babin da wasu ke wata guda suna fama da shi, mako ɗaya ya ishe shi. Tun kafin damina ta faɗi ya cinye manhaja, yana yi wa sauran malamai dariya, wai tafiyar hawainiya suke yi. In ya yi tambaya, hannuwa su tashi rututu, amsa tana fita daidai. Ɗaya hannun kuwa yana ƙarƙashin benci yana shafa waya. Ya gani mana! Kau da kai ya yi, don sauri yake.

Ranar gwaji sai ga mai duba makarantun, wata dattijuwa ce da ɗan kwandonta. Ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta ce kowa ya zuba wayarsa a ciki. Yara suka zuba, Malam Tanimu yana kallo. Ta rubuta lissafi ɗaya tal, irin wanda ya yi musu har sau uku, ta ce ya fito da gwaninsa. Ya nuna Hansatu, wadda ba ta taɓa kasa amsa ba. Yarinya ta karɓi alli, ta tsaya, hannunta ya lalubi aljihu, ba komai. Can ta juyo, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Malam, wallahi na san shi. Yana nan daidai bayan hotunan bikin yayata." Ba wanda ya yi dariya. Aka fito da na biyu, da na uku, duk kanwar ja ce. Malam ya kasa zaune ya kasa tsaye, idonsa na kan kwando. Karatun shekara guda cur yana ciki, taku uku daga allo, ko layi ɗaya bai shiga kan kowa ba. Dattijuwa ta rufe littafinta ta ce, "Malam, wayoyin nan kam ka koyar da su sarai. Saura yaran." Aiki ya tafi. Abin da ya fi cin ransa ma, saura mako uku yaran su zauna jarrabawar fita, kuma can ma kwando na jiransu a bakin ƙofa.

Ni ban ce ki hana su waya ba, Malama. Su ɗauka, amma ki tsaya a kansu sai hannu ya rubuta, ko da haƙurinki zai ƙare. Masu iya magana sun riga sun faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne.