Opala Mai Tafiyar Ƙaguwa

Ranar da Genivaldo ya cire kujerar bayan motarsu Opala ya girke ta a falo, matarsa Zuleide ba ta ce uffan ba. Da ya ɓalle ƙofar ɗakin girki ya yi teburin aiki da ita ma ta haɗiye. Sai ranar da ta tarar da kafireton motar jiƙe cikin tukunyar wakenta aka jiyo su har bakin titi.

Motar gadonta ce. Mahaifinta ya yi tasi da ita a garin Feira de Santana har ya tsufa, ko ƙwarzane bai bari ta samu ba. Shi kuwa Genivaldo, mai gyaran firji, ya dubi wannan zungureriyar tsohuwa mai ƙofa huɗu ya hango motar wasan zamiya, wasan da direba ke shan kwana a karkace, bayan mota na sulɓewa, tayoyi na tuƙa hayaƙi. Samari da ƙananan motocin Japan suke yi. Shi ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ya dasa mata injin motar ɗaukar kaya. Ya haɗe tayoyin baya da walda suna juyawa tare. Ya yi ta sassaƙar sitiyari har ya zama da an taɓa shi sai mota ta juya. Ya liƙe gilasai da baƙar leda, wai don kwarjini. Da ya gama, Opala ta manta yadda ake miƙewa. Ko burodi za a sayo, a karkace take zuwa kamar ƙaguwa. In kuma ta mutu, sai an tara maƙwabta sun tura.

Matsala ɗaya ta rage: gogan bai iya ba. Duk gasar da ya shiga, a kwanar farko yake wulwulawa ya tsaya yana kallon inda ya fito. Har suna aka raɗa masa, Fanka.

"Valdo, ka saurare ni da kyau," in ji Zuleide ana gobe gasa. "In ka tsallake zagayen farko, motar taka ce har abada. In ka sake juya mini kamar fanka a gaban jama'a, 'yan gwangwan za su zo su ɗauke ta, gareji ya zama shagon kitsona."

Ya san matarsa ba ta magana biyu.

A filin baje kolin shanu ake gasar. Ƙofa ɗaya ce ke fita babban titi, can bayan kwanar ƙarshe, kuma a buɗe ake barin ta saboda motar asibiti. Zuleide ta sami Genivaldo a rumfar direbobi, Opala na kunne tun safe don gudun turi. Ya ci ƙosai mai jatan lande da yaji har zubi biyu, wai yana kashe fargaba, gumi na tsattsafo masa. Wani mutum mai gogaggiyar riga yana zagaya motar yana jinjina kai, yana tambayar ina giyar farko take, ko tanki a cike yake. Genivaldo na amsawa baki har kunne. Tun da ya fara wannan aiki bai taɓa samun wanda ya yi masa tambayar hankali ba.

"Ka ɗago mini hannu in za ka wuce," ta ce, don ya ɗan ba ta tausayi. Ta hau wurin 'yan kallo.

Aka kira lambarsa, shiru. Aka sake kira, samari suka fara waƙar Fanka. Zuleide ta soma auna inda za ta kafa madubi a gareji.

Sai ga Opala ta fito da ruri. Ko a layin farawa ba ta tsaya ba, mai tuta ya yi tsalle gefe sannan ya tuna ya ɗaga. Ba a ɗago wa kowa hannu ba.

Ta nufi kwanar farko da gudun da ba mai hankalin da zai yi. Bayanta ya zame, Zuleide ta rufe ido. Da ta buɗe, motar na nan a karkace, tana tafiya, bambarta na shafar katanga. A miƙaƙƙiyar hanya ta yi kamar za ta daidaita, ta fasa, ta wurga gindinta ɗaya gefen ta faɗa kwana ta biyu. Hayaƙi ya rufe rumfar alƙalai. Masu waƙar Fanka suka hau kan kujeru suna ihu.

Zuleide ta ji hawaye na bin fuskarta. Kunya ta kama ta, ta tuna duk baƙar maganar da ta yaɓa wa mutumin nan yana kwance ƙarƙashin mota. Ashe yana da gaskiya. Ta yafe tukunya, ta yafe ƙofa, ta haƙura da shagon kitso.

"Mijina ne," ta ce da matar da ke kusa da ita. "Motar babana ce, mijina ne a ciki."

Kwanar ƙarshe ta fi duka kyau. Alƙalai suka ɗaga cikakken maki. Opala ba ta koma rumfa ba, ta bi ta ƙofar da ke buɗe ta hau babban titi, har yanzu a karkace. Jama'a suka ɗauka salo ne, suka ƙara tafi.

Zuleide na cikin tafin aka taɓa kafaɗarta. Genivaldo ne tsaye, fuska a yamutse, yana ɗaura bel ɗin wandonsa.

"Layin banɗakin nan ba ya motsi," ya ce. "An kira ni kuwa? Na bar wa bawan Allahn nan mai gogaggiyar riga motar ya riƙa ba ta wuta kada ta mutu."