Sojojin Inna da Garken Aladu

Sojan Inna na ƙarshe ya faɗi matacce saboda yunwa, ga garken aladu a gabansa.

Ɗanta ya leƙa wayar da ke hannunta, ya washe baki. Wata shida ya yi yana haɗa wannan wasan yaƙi na waya, gobe zai kai wa masu saye, shi ne ya ba ta ta gwada. Dokar da yake taƙama da ita ke nan: rundunar muminai ba ta cin haram ko an yi mata ƙawanya.

"Kin ga taƙawa, Inna?"

Ta sauke tabarau, ta ƙare masa kallo.

"Wanda ya haramta ai ya yi wa mai lalura rangwame. Kai ne za ka fi Allah tsanani? Maza tashe min yarana, su ci su rayu!"