Ruwan da Ta Zaɓa

Risho ya fashe, wuta ta cafki jallabiyarsa, ya zube yana birgima a ɗakinsu na unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki.

Tun shigowar Disamba yake haɗa wa Turawan kamfani giyar Kirsimeti mai ƙarfi da ake kira jin, da ɓawon lemo da kanumfari. A jarkokin Zamzam yake ɓoye ta, don 'yan sanda ba sa taɓa su. Ko matarsa bai gaya wa ba.

"Ruwa!" ya ƙwala mata. "Yalla, maza, ruwa!"

Yana kallo ta tsallake bokitin da ke cike a bakin ƙofa.

"Wannan sai Zamzam!" ta ce, ta sunkuci jarka.

Ya buɗe baki, hayaƙi ya shaƙe shi. Ta yi bismilla, ta juye masa duka.

Wutar ta tashi shuɗiya har rufi.