Waƙar Gari

Tun da aka soma saka wa jarirai 'yar na'ura a kunne ranar suna, kowa da waƙarsa. Na'urar ke tsara maka ita, kai kaɗai kake ji.

Ranar kasuwar Funtuwa, Rumasa'u ta raka kakarta Iya Ladidi cefane. Tsohuwar ba ta da na'ura. Tana zaɓen tattasai tana rera wata waƙar zamanin 'yammatancinsu, wadda ta ce har rawar bidiyonta sun sha kwaikwaya a gidajen biki: "Ɗankwalina ya faɗi a layinku..."

Dattijon mai tattasai bai ko ɗago kai ba ya amsa: "Na tsinta, ba zan mayar ba!"

Mai daddawar gefensa ta cafe tana kaɗa kafaɗa. Su ukun suka tuntsire da dariya.

Rumasa'u ta yi sororo. "Iya, danginmu ne?"

"Wallahi yau na fara ganinsu."

"To ya aka yi suka san waƙarki?"

"Waƙata? Ke 'yar nan, ai ta gari ce!"

Rumasa'u ta buɗe baki za ta gwada amshin. Na'urar kunnenta ta ƙara sauti.