Marubucin da Ya Kori Yara Daga Bayan Tagarsa

Tunda kin ce ke ma kin fara rubuta wa yara littafi, 'yata, bari in ba ki misalin wani mutum kafin ki yi nisa.

An yi wani malamin firamare a wani gari na bakin gulbi, Allah ya ba shi baiwar shirya labari. Duk abin da ya rubuta, yaran unguwarsu ne farkon ji. Bayan la'asar sai ya fito ƙofar gida ya zauna a kan kifaffen turmi, su kewaye shi, wani da guntun rake a hannu, wata goye da ƙaninta. Yana karantawa yana satar kallonsu. In ya ga sun fara zane a ƙasa da tsinke, ko suna mintsinin juna, ya san wannan shafin bai yi ba, sai ya koma ya sake shi. In kuwa ya ga baki a buɗe, an manta da raken, to ya bar shi yadda yake. Su ne suka hana shi kashe wani jaki a labari, domin wata yarinya ta yi ta kuka har uwarta ta leƙo tana tambayar wanda ya doke ta. Su ne kuma ke tsayar da shi su ce yaro ba ya magana haka, su gaya masa yadda ake faɗa. Da haka littattafansa suka fito, 'yan sirara, suka shiga makarantu. Ana karanta su har bango ya fita, a ɗinke da zare a ci gaba.

Da sunansa ya bazu, aka fara gayyatarsa taro nan da can. Ya bar koyarwa, ya koma birni, ya kama gida mai doguwar katanga. Yanzu manya ne ke jin rubutunsa tun kafin a buga. Wani ya ce masa ya kamata kowane labari ya fito da darasinsa fili, kada a bar yaro ya yi ta lalube. Wani ya ce Hausarsa ta yi sauƙi da yawa ga mutum mai matsayi irin nasa. Maganar ta yi masa daɗi, ya bi. Akwai yaran maƙwabta da ke buga ƙwallo a bayan tagar ɗakin da yake aiki, sai ya sa aka kore su, wai suna raba masa hankali. Matarsa ta ce masa, "Malam, waɗanda kake rubutun dominsu ne fa ka kora." Ya yi dariya, ya ce ai shi ya san yara kamar yunwar cikinsa. Littattafan suka yi ta ƙara kauri, ana yaba su a jawabi, ana ba shi lambar girma, shekaru suna tafiya.

Wata rana wata makaranta ta gayyace shi. Bayan an gama jawabai aka zaga da shi ɗakin karatu, ya hango sababbin littattafansa a jere, fes da su. Ya zaro ɗaya, sai ya tarar shafukan har yanzu a manne suke da juna tun daga wurin bugu. Ya zaro na biyu, haka. Shugabar makarantar ta ce ai adana su ake yi saboda darajarsu. Amma shi ya taɓa zama malami, ya san ba a iya adana littafin da yara ke so.

Abin ya hana shi sakat, har ya shirya ya koma garinsu da sabon labari a jaka. Yaran da ya sani duk sun girma, wasu sun yi aure, wasu sun tafi neman abinci. Ƙaninsa ne ya bi gida gida ya tara masa 'ya'yansu, aka yi musu wanka, aka ja musu kunne cewa babban baƙo ne. Ya zauna ya fara karatu, yana ɗago kai yana dubansu. Ba mai zane a ƙasa, ba mai mintsinin wani, ba kuma wanda bakinsa ke buɗe. Suna zaune a miƙe, hannu a kan gwiwa. Ya duba fuskokin nan ya kasa karanta ko ɗaya. Da ya gama ya tambaye su ko labarin ya yi daɗi, suka haɗa baki suka ce, "Ya yi daɗi, Baba." Babban cikinsu ya tambaya ko za su iya tafiya. Suna shan kwana ya jiyo ihunsu da dariya, suna wata waƙar wasa da bai taɓa ji ba.

Ya yi watanni a garin yana gwadawa. Yaran suna gaishe shi har ƙasa, suna karɓar masa kaya, amma ba a sami wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce masa nan bai yi ba. Daga baya ya tattara ya koma birni. Ana ci gaba da kiransa taro, ana ba shi kujerar gaba, sai dai bai sake fitar da littafi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa, 'yata, Hausawa suka ce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.