Maɗaurin Ƙafa Mai Taushi

Suhaibu ya faka motarsa a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Kurmin Sarki ta Suleja, amma bai fito ba. Ya kwantar da kujera, ya zaro waya. A cikin but ɗin motar akwai wani dogon allo naɗe a tsohon labule, kuma in matarsa Rabi ta gan shi, kashinsa ya bushe.

Allon na sulu a kan dusar ƙanƙara ne, irin wanda ake ɗaure ƙafa biyu a kai a gangaro daga tsauni. A shagon Cletus mai kayan gwanjo a Gauraka ya samo shi, inda aka ɗora shi kan bulo biyu ya zama bencin masu ciniki.

Ofishinsu na Abuja ne zai tura su kwas na sati uku a wata ƙasa mai sanyi, aka ce ranar ƙarshe za a kai su tsauni. Ana cikin cin abincin rana bakin Suhaibu ya suɓuce, ya ce ai shi tsohon hannu ne, har allonsa gare shi. Mutumin da iyakar ƙanƙarar da ya sani ita ce ta cikin zoɓo! To, magana ta riga ta fita, har abokiyar aikinsa Fisayo ta ce ita za ta ɗauki bidiyo.

Sai dai allon ba shi da maɗaurin ƙafa. Ga kuma gwiwarsa ta hagu da ta goce bara a hatsarin acaɓa. Wata uku Rabi ta yi tana jinyarsa, ranar da ya ajiye sanda ta sa ya yi mata alkawari a gaban 'yarsu Hamdiyya cewa ko ƙwallo ya daina. Yana jin kunyar karya alkawarin, amma kunyar 'yan ofis ta fi damunsa. Shi ya sa ya mai da mota ofis. Rabi tana ciki a kan aikinta na kwamfuta, wanda shi dai latse-latse yake kiransa, bai taɓa zama ya ji kansa ba.

Ya shiga shafin wani kantin kayan wasanni na ƙasar waje. Sunan kantin ya yi masa kama da wanda ya taɓa gani a wani wuri, ya ɗauka alamar shahara ce. Ya cike sunansa da garinsu, nan take wata ma'aikaciya mai suna Stella ta yi masa maraba da Turanci, ta tambayi me yake nema.

Ya gyara zama. Ya rubuta cewa maɗauri yake so mai tauri, na ƙwararru, a aika masa otal ɗin da zai sauka.

Stella ta nemi lambar takalminsa. Ya ce arba'in da huɗu. Ta ce ya sake dubawa, domin maɗauri in ya yi wa takalmi yawa ƙafa rawa take yi a ciki, mutum ya wuntsila. Ya cire takalmin ya leƙa. Arba'in da biyu. Ya gyara, yana jinjina wa ƙwarewar Turawa.

Ta ce ya turo hoton ramukan kusoshin da ke jikin allon, don ba kowane maɗauri ke hawa kowane allo ba. Ya waiga dama da hagu, ya lallaɓa ya buɗe but, ya yaye labulen, ya ɗauka, ya koma mota da sauri kamar wanda ya saci kaza.

Ana haka aka ɗauke wuta a unguwa. Injin niƙan maƙwabta ya yi shiru, Stella ma ta yi ɗif. Ya yi tsaki, ya zagi sabis ɗin Suleja. Can ya ji janareton gidansa ya tashi, ya ji daɗi, don ya san Rabi ba za ta leƙo ba. Bai jima ba saƙo ya shigo, Stella tana ba da haƙurin jinkiri.

Ta ci gaba da tambaya: wace ƙafa yake sawa a gaba? Bai san ana zaɓa ba, ya ce duk wadda ta samu. Shekara nawa yana sulu? Ya ce shida, ya goge, ya rubuta takwas. Ta yi masa bayani cikin ladabi: mai tauri ba ya yafe kuskure, duk jijjigar da allo ya sha a gwiwa take ƙarewa, mai taushi kuwa yana lallaɓa mai koyo. Suhaibu ya ji an taɓa masa girma, ya ce shi ba ɗan koyo ba ne.

"Tambaya ta ƙarshe, yallaɓai," in ji Stella. "Ka taɓa jin ciwo a gwiwa ko a idon sawu?"

Ya dubi ƙofar gida. Ya shafa gwiwar, wadda tun ɗazu take masa tsami saboda zaman mota. Sai ya tuna bidiyon Fisayo.

"Ko sau ɗaya," ya rubuta.

Alamar cewa tana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Suhaibu ya zaro katin banki ya riƙe, yana jiran a turo masa mai taurin. Da saƙon ya iso, ba da Turanci ya zo ba.

"Abban Hamdiyya, ni da na gasa maka gwiwar nan da hannuna za ka ce wa ko sau ɗaya? Stella sunan aiki ne. Fito daga motar nan ka shigo, ka taho min da labulena."