Waken da Inna Ta Hana Kanwa

Duk macen da ta san murhu a Kontagora ta san wake ba ya nuna da wuri sai da kanwa. Ranar da Gwaggo, yayar Babanmu, ta zo daga Bangi za ta tafi da ni riƙo, Inna ta ɗora wake ba ta sa ba.

Ni ce 'yar fari, ko sunana Inna ba ta faɗa, balle ta ce kada a tafi da ni. Sai ta zare itace, ta bar tukunyar ƙasa a kan garwashi, ta ce, "Yaya, ai ba kwa kama hanya da yunwa ba." Motar Bangi ta ƙarshe kuwa da la'asar take tashi.

Har azahar ta wuce waken yana nan kamar tsakuwa. Ina zaune da ƙullin kayana a cinya, ina shaƙar ƙamshin albasa da manja, ina roƙon Allah kada ya nuna.

Gwaggo ta buɗe murfi, ta latsa ƙwaya ɗaya, ta dubi Inna.

"Ni ma na dafa irinsa ranar da aka zo ɗaukar tawa 'yar," ta ce a hankali. Ta miƙa hannu. "Ba ni kanwar."

Inna ta ba ta. Mun samu motar, har da wurin zama kusa da taga.

Yanzu kimiyya nake koyarwa, ina iya zana a allo yadda kanwa ke tausasa wake. Ba na dai ajiye ta a gidana. In yarana sun yi ƙorafin wakena na daɗewa, sai in ce musu, "Ina za ku?"